Giyar hatsin rai ta Jamus da burkutun kakata: daga ina wannan nauyin yake?

Ɗan_Kafur:
Jama'a barkanmu da Lahadi. Tun da farko ina neman afuwar 'yan'uwana Musulmi, na san ku ne mafi yawa a wannan zaure, na kuma san matsayin giya a wurinku. Ba talla na zo yi ba, ba kuma ina kiran kowa ya sha ba ne. Tambaya ce ta hana ni sukuni tun jiya, kuma a Jamus ɗin nan ban san inda zan yi ta a gane me nake nufi ba in ba nan ba.

Jiya abokin aikina ya kai ni wani ƙaramin gidan dafa giya a wani ƙauye kusa da Regensburg. Uba da 'yarsa ne ke riƙe da wurin, tukwanensu na ƙarfe suna bayan gilashi, kana zaune kana kallonsu. Aka kawo mini wadda suke kira Roggenbier, wato wadda aka dafa da hatsin da suke ce wa Roggen. Launinta ja mai duhu kamar ruwan tsamiyar da ta jiƙu sosai, ba a ganin komai ta cikinta, ga kumfa mai kauri a kai. Ƙanshin da ya fara bugo ni na kanumfari ne, bayansa na ayabar da ta nuna luguf. Ɗacin kaɗan ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda take zama a baki: akwai nauyi, akwai santsi, ba yauƙin kuɓewa ba amma danginsa ne, sai ɗan tsami da ɗan yaji-yaji a maƙogwaro.

Kurɓa ɗaya na yi na tsinci kaina a bayan ɗakin kakata. Ita ke dafa burkutun gayya a gidanmu kafin iyayenmu su shiga coci su hana. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, babu abin da ya taɓa tuna mini da ita sai wannan.

Tambayoyina biyu ne. Wannan nauyin daga hatsin yake ko daga yis? Sannan shi Roggen ɗin me sunansa da Hausa?

Abu_Hanifa_Köln:
Gaskiya wannan bai dace da zauren nan ba. Akwai matanmu, akwai yaranmu da suka zo karatu bana. Allah Ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida, aya ta 90. A siffanta mana ƙanshinta da ɗanɗanonta har da kumfa? Shugabanni ku duba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Na gani, Malam Abu Hanifa. Zauren na Hausawan Jamus ne gaba ɗaya, kuma Ɗan Kafur yana cikin waɗanda suka fara shi. Ya yi sallama da ladabi, ya faɗi abin da yake tambaya. Zan bar maganar da sharaɗi biyu: ba a saka hoton kwalba ko adireshin mashaya, ba a kuma taɓa addinin kowa.

Hajiya_Bremen:
Amsar tambaya ta biyu dai, ni na ga ana rubuta "hatsin rai". Da na fara gani na ɗauka rai na rayuwa ake nufi, har na ce wane hatsi ne ba na rai ba? Ashe sunan Turancinsa aka ara aka jingina masa.

Basakkwace77:
To ai mu can gida in ka ce hatsi, gero kaka nuhi kai tsaye. Ka ce ma tsoho hatsin rai, shi aza wani irin gero na aka kawo daga Samaru. Wanga abu kuwa alkama ya hi kama, sai dai ƙwarar ta hi tsawo da siranta, launinta toka-toka mai kore. Ni dai baƙar alkama nika ce mai.

Bilkisu_Freising:
Yaya Ɗan Kafur, bari in gwada amsa ta farkon. Ni ba na sha, amma fasahar abinci nake karanta a nan, kuma a makarantarmu ta Weihenstephan ba yadda za ka yi ka kauce wa darasin tsiro da yis.

Duka biyun ne, kowa da aikinsa. Kanumfari da ayabar da ka ji ba zuba su aka yi ba, yis ne ya haife su. Irin yis ɗin da suke dafa giyar alkama da shi ne, mai tasowa sama. Idan mai dafawa ya bar dame ya ɗan huta a wajen digiri 45 kafin ya ƙara wuta, wani sinadari yakan fito daga jikin hatsin, yis ya juya shi ya koma mai ƙanshin kanumfari. Ƙanshin ayaba kuma yana ƙaruwa in aka bar ta ta nuna a wuri mai ɗan ɗumi.

Nauyin da santsin kuwa na hatsin ne. Hatsin rai cike yake da wani irin danƙo mai shan ruwa, shi ya sa ƙullin burodinsa yake manne wa hannu. A irin wannan giya yakan kai rabin tsiron da aka zuba, wani lokaci har kashi 60 cikin 100. Ga kuma matsala ta biyu: sha'ir yana zuwa da rigarsa, wannan ɓawon ne ke zama matata a gindin tukunya. Hatsin rai tsirara yake fitowa daga sussuka. Danƙo ya yi yawa, matata ta yi kaɗan, sai tacewa ta tsaya cak. Masu dafawa a gida sukan zuba buntun shinkafa don ruwa ya samu hanya. Wannan wahalar na cikin dalilan da ya sa ba kowane kamfani ke yin ta ba.

Tsamin burkutu kuma wani abu ne dabam. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono ne ke yin sa, da gangan ake barinsu su yi aiki. Na Roggenbier ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta.

Ɗan_Kafur:
Ƙanwata Allah Ya ƙara basira. Maganar tacewa ta yi daidai da abin da dattijon mai gidan giyar ya gaya mini. Ya ce ranar dafa Roggen ba ya sa wa kansa lokacin tashi, don ruwan yakan riƙa ɗiga ne kawai. Ya ce sau biyu a shekara yake yin ta.

Abu_Hanifa_Köln:
Malama Bilkisu, ke ma? Ki ji tsoron Allah a kan abin da kike koyarwa.

Bilkisu_Freising:
Malam, na gode da nasiha, kuma na karɓa. Amma ilimin nan shi ne dai ilimin kunun zaƙi. Me ya sa iyayenmu ke zuba tsiron shinkafa ko busasshen dankali a kunu? Don abin da ke cikinsu ya narkar da gasara ta koma zaƙi. Da shi ake yin Maltina da duk dangin malta da muke sha ranar suna. Inda hanya ta rabu shi ne a ba yis dama ko a hana shi. Ni da na koma gida abincin yara na dawa da waken soya nake son yi, kuma tsiro ne ke sa kunun yaro ya tsinke ya sha da yawa ba tare da an ƙara ruwa ba.

Malam_Tarihi:
Ɗan Kafur, ka san abin da ka sha ya yi kusan shekara 500 ba ya nan? Ranar 23 ga Afrilu 1516, a garin Ingolstadt, masu mulkin Bavariya, Wilhelm na 4 da ɗan'uwansa Ludwig na 10, suka kafa dokar da yanzu ake kira Reinheitsgebot. Abu uku kawai aka yarda a sa a giya: sha'ir, ruwa, da furen ɗacin nan da suke kira Hopfen. Ko yis ba a ambata ba. Yau ana tallar dokar da sunan tsabta, amma babban abin da ke bayanta ciki ne. Alkama da hatsin rai abincin burodi ne, kuma in masu giya suka shiga kasuwa suna saye, farashi ya tashi, talaka ya kwana da yunwa. Sai aka bar musu sha'ir. Dokar har farashi ta yanka: daga ƙarshen Satumba zuwa 23 ga Afrilu mudun giya kada ya wuce fenik 1, sauran watanni kada ya wuce 2.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 wani gidan giya a Schierling, nan kudu da Regensburg, ya dawo da ita. Wato a yankin da aka farfaɗo da ita ka sha.

Zinder_Hamburg:
Malam Tarihi, kada mu wanke sarakunan nan da yawa. In tausayin talaka ne, me ya sa a 1548 aka ba gidan Degenberg izinin dafa giyar alkama? Da zuriyarsu ta ƙare a 1602 sai gidan sarautar ya karɓe sana'ar ya riƙe ta shi kaɗai, ya yi ta cin riba. Alkamar da aka ce ta burodi ce, in sarki ne zai dafa ta halatta kenan. Hatsin rai ne bai samu mai tsaya masa a fada ba, don abincin talaka ne.

Malam_Tarihi:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Dalilan sun haɗu ne. Akwai ma na uku: masu dafawa kan jefa ganyayyaki masu juya ƙwaƙwalwa, irin wanda suke kira Bilsenkraut, ɗan dangin zaƙami. Duk wanda ya taɓa ganin wanda zaƙami ya kama ya san dalilin da hukuma za ta tsorata.

Ɗan_Kafur:
Wannan magana ta rumbu ta taɓa ni fiye da yadda kuke zato. Rigimar da na fi tunawa a gidanmu ita ce wannan. Shekarar da damina ta yi gardama, kakana ya ce ba za a taɓa dawar rumbu don giya ba. Kakata ta ce to da me za a kira gayya, wa zai zo ya yi maka noma da ruwan randa? Shi yana lissafin tuwon watan Agusta, ita tana lissafin hannayen da za su nome gonar da za ta ba da tuwon baɗi. Kowa da gaskiyarsa. A ƙarshe ta sayar da akuyarta ta sayo dawa a kasuwa. Ban taɓa tunanin an yi irin wannan gardama a matakin ƙasa ba, har aka rubuta ta doka.

Maman_Twins_Essen:
Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Burodin wannan hatsin fa? Yarana sun saba da shi a makaranta, yana da tsami, an ce da ƙullin da ya kwana ake yi. Ba matsala?

Ustaz_Bonn:
Maman Twins, burodi abinci ne, ku ci. Ƙullin da ya kwana ya kumbura ba baƙo ba ne a wurinmu, haka muke yin waina da sinasir da funkaso. Ba wanda burodi ya taɓa bugar da shi komai yawan da ya ci.

Game da asalin maganar kuma, hukuncin a fili yake. An tambayi Annabi (SAW) game da abin shan mutanen Yaman, wani na zuma wani na hatsi, ya ce duk mai sa maye haramun ne. Ya kuma ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka sunan hatsin ba ya canza komai, ko dawa ko sha'ir ko wannan na Jamus. Wannan ga Musulmi kenan. Ɗan Kafur maƙwabcinmu ne, bai ɓoye ko shi wane ne ba, kuma bai tambaye mu fatawa ba. Malam Abu Hanifa, kishinka abin yabo ne, amma mu tausasa harshe ga ƙanwarmu, neman ilimi take yi.

Hajiya_Bremen:
Maman Twins, in za ki saya ki duba sunan. Roggenbrot aƙalla kashi 90 hatsin rai ne. Roggenmischbrot gauraye ne da alkama, ya fi laushi, yara sun fi son sa. Pumpernickel kuma shi ne baƙin nan na Westfalen da ake gasawa a hankali awa 16 ko fiye, yana da ɗan zaƙi. Ni da man gyaɗa nake cinsa da sahur, yana riƙe ciki har la'asar.

Sabon_Zuwa_2024:
Don Allah tunda an zo nan, giyar da aka rubuta alkoholfrei, wato marar barasa, fa? A wurin aiki kullum ita suke miƙo mini in na ce ba na sha.

Bilkisu_Freising:
Ka kula da rubutun. A Jamus ana iya rubuta alkoholfrei ko da akwai barasa har kashi 0.5 cikin 100. Wadda aka rubuta 0,0% ita ce aka cire kusan gaba ɗaya. Akwai kuma abin shan malta irin su Vitamalz da Karamalz, su ne suka fi kusa da namu na gida. Roggenbier da Yaya ya sha kuwa cikakkiya ce, wajen kashi 5.

Ustaz_Bonn:
Malamai sun yi saɓani a kan wannan. Wasu sun ce tunda komai yawanta ba ta bugarwa, ba ta shiga hukuncin ba. Wasu sun ce asalinta giya ce aka dafa sannan aka zare barasar, kuma kamanni da zaman mashaya shi kansa abin gudu ne. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina: ka nemi Apfelschorle, ruwan tuffa ne da ruwa mai gas, babu inda ba a samunsa, ka huta da shakka.

Alhaji_Dawanau:
Ku ba dattijo wuri. Kuna ta maganar 1516, ni zan ba ku ta 1988 da na gani da idona. A farkon shekarar gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin giya da na malta suka rasa yadda za su yi, suka juyo kan dawarmu da masara. Mahaifina dillalin hatsi ne, ina yaronsa a lokacin. Sai ga manyan motoci daga Kudu suna neman farfara da ƙaura tan-tan, har suna ambaton iri da lamba, SK 5912, gajerar ƙaura ta Samaru. Manomi ya samu kuɗi, amma mai sayen kwano ɗaya ya ji a jikinsa. Mahaifina ya shiga damuwa, ya je wurin malaminsa ya tambaya: in na san motar nan gidan giya za ta, in sayar? Daga ranar ya daina hulɗa da wasu dillalan, ya yi asarar ciniki mai yawa, bai taɓa nadama ba har ya rasu.

Abin da ya ba ni mamaki a bayanin Malam Tarihi shi ne lokacin. Su suna dawo da hatsin burodi cikin tukunyar giya don sun ƙoshi, mu muna tura hatsin tuwo cikinta don ba mu da kuɗin waje.

Zinder_Hamburg:
Allah Ya jiƙan Baba. Alhaji, wannan jimlar taka ta ƙarshe ta isa a yi lacca a kanta.

Kumasi_Zongo_Boy:
Ɗan Kafur, mu a Gana pito muke ce ma. Maƙwabtanmu 'yan Arewa, Dagarti da Frafra, matansu ne ke dafawa. Abin da zai ba Bilkisu mamaki: su da kansu suke nemo yauƙi su zuba. Suna daka karan kuɓewa su jiƙa, su zuba ruwan a cikin damen tsiro, sai gari ya kwanta ƙasa ruwa ya taso sama garau. Bajamushe na kuka da yauƙi, su kuma da shi suke aiki.

Bilkisu_Freising:
Na karanta wannan amma ban taɓa jin wanda ya gani ba! To ka san dalilin raba ruwan da garin? Garin dawa ba ya dahuwa sai zafi ya haura wanda na sha'ir ke bukata, kuma a wannan zafin sinadaran tsiron da ke kawo zaƙi sun mutu. Sai matan suka gano dabara: a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe da ƙarfinsa, a tafasa na ƙasan shi kaɗai, in ya ɗan huce a mayar da ruwan. Ba ma'aunin zafi, ba littafi. A Bavariya ma tsohuwar hanyarsu kenan, su ɗebi mai kaurin su tafasa su mayar, kuma suna alfahari da ita sosai. Ranar da malaminmu ya zana wannan a allo na ce a raina ai matan ƙauyukanmu sun riga shi.

Ɗan_Kafur:
Haka take yi! Wallahi haka take yi. Tukwane uku ne, ɗaya a kan murhu, biyu a gefe, da ƙwarya tana kwasa tana juyewa. Da yatsa take gwada zafi. Ina yaro na ɗauka duk wahalar banza ce. Kwana uku ana jiƙa dawa ana shimfiɗa ta a rufe da ganye har ta fito da tsiro, a shanya, a niƙa, sannan kwana biyu ana wuta. Dusar kuma ta aladu da awaki ce.

Nas_Rifkatu:
Yayana Ɗan Kafur, ni ma Kirista ce, daga Kudancin Kaduna, kuma zan faɗi abin da ba a faɗa ba tukuna. A cocin da na taso ba a sha ko kaɗan, kuma ba don ƙin al'ada ba ne. Iyayenmu mata ne suka fi kowa murna da hanin, don su suka san abin da burkutu ya yi wa gidajensu. Kawuna manomi ne na ji da gani, a gidan giya ya ƙarar da gonarsa kadada bayan kadada, hanta ta kashe shi bai kai hamsin ba. Yanzu ina aiki a asibiti a nan, sashen ciwon ciki da hanta, kuma abin da nake gani a ƙasar da ake sayar wa ɗan shekara 16 giya ba shi da daɗin faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Ban ce ka yi laifi don ka tuna kakarka ba. Amma ƙannenmu na karantawa, kada su ji ƙanshin kanumfari kawai.

Ɗan_Kafur:
Anti Rifkatu, ba ni da abin musu. A danginmu ma akwai irin kawunki, fiye da ɗaya. Kakata da kanta takan ƙwace ƙoƙo daga hannun wanda ta ga ya fara, ta ce ya tafi gida. Na gode da kika faɗa.

Direban_Dortmund:
Ƙarin bayani ga sababbi, tunda wasu za su yi lasin a nan. Iyakar doka ga mai tuƙi 0.5 ne a ma'auninsu na barasa a jini, amma wanda bai kai shekara 21 ba ko yake cikin shekara biyun gwaji, sifili ne. Kuma ko a kan keke aka kama ka a buge lasinka na iya tafiya.

Tsohon_Ɗalibin_Rasha:
Ni wannan hatsin a Voronezh na san shi. Can da busasshen burodinsa suke yin kvas, a jiƙa a sa yis da sukari ya kwana biyu. Da bazara a bakin titi ake sayarwa, yara ma suna sha. Mu ɗalibai Musulmi mun yi ta gardama a kansa kamar yadda ake yi yanzu a kan alkoholfrei, don yana da ɗan abin da ba a rasa ba. Ƙanshinsa dai ɓawon burodi ne sak. Ɗan Kafur, ba ka ji wannan a taka ba?

Ɗan_Kafur:
Na ji, musamman da ta ɗan huce daga sanyin firji. Kamar ƙanzon tuwo ma zan ce.

Manomi_a_Zuci:
Tambaya: zai yi a gida? In alkama na yi a Kadawa da Haɗeja da rani, me zai hana wannan?

Zinder_Hamburg:
Da wuya. Wanda aka fi nomawa a nan ana shuka shi ne wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya kwana cikin sanyin hunturu, a girbe a Yuli ko Agusta. In bai sha sanyi na makonni ba, ba ya fitar da kai. Sanyin hunturunmu bai kai ba. Amma ka bi ta Brandenburg ka ga inda suke shuka shi: jigawa ce, rairayi, inda alkama ba ta yi. Matsayin da gero yake da shi a wurinmu shi yake da shi a wurinsu, hatsin ƙasar da ba ta da ƙarfi. Jamus na samar da wajen tan miliyan 3 a shekara, ita da Poland da Rasha ne manya a duniya. Yanzu ma dabbobi ke cin kaso mai yawa.

Basakkwace77:
To kun gani. Geron Turawa ke nan ashe, ba baƙar alkama ba. Na janye tawa.

Hajiya_Bremen:
A'a Basakkwace, kada ka janye. In ka ce geron Turawa mutum zai zaci za a yi fura da shi. Baƙar alkama ta fi nuna kamanninsa da abin da ake yi da shi.

Abu_Hanifa_Köln:
Na karanta duka. Matsayina bai canza ba, da an tambaye ni da ba a buɗe wannan magana ba. Amma Malama Bilkisu, na yi miki magana da kaushi, ki yafe ni. Allah Ya ba ki sa'a a kan abincin yaran. Alhaji Dawanau, labarin mahaifinka shi ne abin da zan tafi da shi.

Bilkisu_Freising:
Babu komai Malam, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Malam_Tarihi:
Wani ya tambaye ni ta gefe yadda aka yi Roggenbier ta halatta alhali dokar 1516 ta hana. A dokar Jamus ta yanzu, giyar da aka yi da yis mai kwanciya ƙasa ita ce aka tsare a kan tsiron sha'ir kaɗai. Mai yis na sama an yarda a sa mata tsiron wasu hatsi, shi ya sa ta alkama da ta hatsin rai suke da gurbi. Tun 1987 ma kotun Turai ta ce Jamus ba za ta hana shigo da giyar wasu ƙasashe da sunan wannan doka ba.

Ɗan_Kafur:
Na kira gwaggona ɗazu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka taya kakata aiki. Na karanta mata abin da Bilkisu ta rubuta game da tsiyaye ruwa. Ta ce ai ruwan farko shi ne uwar, in ka tafasa shi ka kashe giyar, kunu kawai za ka samu. Na tambaye ta karan kuɓewa, ta ce su ɓawon dargaza suke sawa. Sai ta tambaye ni wannan hatsin na Turawa ana tuwo da shi? Na ce burodi. Ta ce in zan zo Kirsimeti in riƙo mata kwano ɗaya ta gani da idonta, ta tauna.

Amma har yanzu ban gamsu a kan yaji-yajin maƙogwaron ba. Dattijon ya ce hatsin ne, Bilkisu ta ce kanumfari na yis ne. Burodin Roggen da nake ci kullum ba ya yi mini wannan yajin.

Bilkisu_Freising:
Yaya, a kan wannan ko masu sana'ar ba su daidaita ba. Wasu na cewa hatsin ne, wasu na cewa mutane sun saba cin burodinsa da 'ya'yan Kümmel, wani kayan ƙanshi, a ciki, sai suke jingina yajin ga hatsin. Ka sayi ƙwayar a shagon kayan gona ko na Bio, rabin kilo ya isa. Ka jiƙa cokali biyu, ka shimfiɗa a tsumma mai laima kwana uku ko huɗu har ya tsira, ka shanya, ka tauna shi haka nan. In yajin na nan, na hatsin ne. Sauran ka kai wa Gwaggo.

Maman_Twins_Essen:
Bilkisu, in tsiron ya yi, zai yi kunun zaƙi? Tsiron shinkafa ya gagare ni samu a Essen.

Bilkisu_Freising:
Zai yi, Anti, yana da ƙarfi sosai. Sai dai ki fara da kaɗan saboda danƙon, ki jira kunun ya huce har yatsa ya iya jurewa kafin ki zuba, kuma da ya yi zaƙi ki tace ki sa a firji, kada ya kwana a waje.